Ɗan Karan Fatsar Kakana

Ran Asabar ɗin da ta wuce na tarar da 'ya'yana a tsakar gida sun baje karan dawa suna ƙera mota. Ƙaramin ya sa haƙori ya ɓare bayan karan, farin cikin nan mai laushi ya fito, sai wani ɗan ƙamshi ya bugi hancina, ƙamshin busasshen kara da ya sha rana a kan rumbu. Na ɗauki guntu ɗaya na murza a tsakanin yatsuna. Uwarsu ta yi min maganar abinci har sau biyu ban ji ba, domin a lokacin ni ina can bakin tafkin ƙauyenmu, ina ɗan shekara tara, zaune kusa da kakana.

Ƙauyen namu yana tsakanin Gaya da Ajingi. Idan ka bar titi ka ratsa gonakin gyaɗa, za ka fara hango rumbuna kafin ka hango gidaje. Bayan gari akwai tafki. Ruwan damina ne ke cika shi, idan rafi ya yi ambaliya ya zubo masa kifi, shi kuma ya riƙe ruwansa har tsakiyar rani. Mu ba masunta ba ne, manoma ne kaka da kakanni. Amma kakana, uban mahaifina, tun da ya miƙa wa 'ya'yansa gona ya ce ƙugunsa ya gaji da sunkuyo, sai ya mai da fatsa aikinsa. Da hantsi zai ɗauki sandarsa ta gora da gwangwanin tana da 'yar tsohuwar tabarma, ba za a sake ganinsa ba sai an kira azahar.

Fatsa ba wani abu ba ne mai wuya: sanda, zare, ƙugiya, sai tana. Kowane yaro a garin ya iya haɗa wannan. Inda kakana ya yi wa kowa nisa shi ne ɗan karan nan da ake maƙalawa a jikin zare, wanda ke tsayawa a kan ruwa ya gaya maka abin da ke faruwa a ƙasa. Shi ɗan tsegumi yake ce masa. Sauran mutane duk guntun karan da suka tsinta a hanya shi za su ɗaura, ko su yanki tsohon silifa. Kakana kuwa tun lokacin kaka yake zaɓar karansa, sille na can sama, siriri, marar tsutsa, ya ɗaure ya soke a rufin zaure ya shekara. Ya ce karan bana yana da sauran ruwa a jikinsa, ƙarya yake yi wa mai shi.

Na sha zama ina kallonsa yana gyara shi, fuskata kusan a kan hannunsa, har ya riƙa ture min goshi yana cewa zan hura masa aiki. Zai yanki tsawon ɗan yatsa, ya ɓare bayan, ya fere ƙasan ya yi tsini, ya ɗan tsaga gefe inda zare zai shiga. Sai ya shafe shi da kakin zuma don kada ya sha ruwa. Kan kuma iri biyu yake yi. Wani ya goga masa gawayi ya yi baƙi, wannan na fili ne inda rana ke dukan ruwa yana walƙiya. Wani ya bar shi fari, wannan na inuwa ne, ƙarƙashin giginya inda ruwa ya yi duhu. Daga nan ya ciji ɗan guntun dalma ya matse a zare kusa da ƙugiya, ya je randar kakata ya gwada. Zai yi ta rage dalmar yana ƙarawa har sai karan ya nutse duka, abin da ya rage a sama bai wuce farce ba. Kakata ta yi ta mita a kan randarta, shi kuma ko a jikinsa.

Dalilinsa shi ne, duk abin da ya rage a saman ruwa, kifi ne zai ja shi ƙasa. Idan ya yi yawa, da kifi ya taɓa tana zai ji ana riƙe da ita, ya tofar ya yi gaba. Idan kuwa ɗan kaɗan ne, ko shaƙar tanar ya yi, ɗan tsegumi zai kawo labari. Kuma kowane kifi da irin labarinsa. Ƙarfasa tsattsaga take yi, karan ya riƙa rawa yana fidda ƙananan zobba, ba a ja sai ya tsaya ya nutse. Tarwaɗa ba ta da wannan kunyar, ɗauka take ta tafi, ka ga karan ya karkace ya bi ta. Idan kuwa karan da ke tsaye ya kwanta a kan ruwa, to kifi ya ɗago dalmar daga ƙasa ke nan, a nan ne yara ke zaton zare ya kwance, su zauna suna hamma. Iska ma tana motsa kara, amma iska tana da tsari, sama ƙasa, sama ƙasa. Kifi ba ruwansa da tsari.

Duk wannan na haddace shi kamar karatu. Da za ka tare ni a hanya ka tambaye ni, zan zayyana maka tiryan-tiryan. Abu ɗaya ne kawai: ban taɓa ganin ko ɗaya daga ciki da idona ba. Kuma ban san ban gani ba, wanda shi ne abin da ke da wuyar bayyanawa ga mai lafiyar ido. Ni a wajena, duk abin da ya wuce taku biyar haka Allah ya yi shi, dishi-dishi, gefensa a narke. Na ɗauka kowa haka yake gani. Idan kakana ya jefa zare can tsakiya ya zuba wa ruwa ido, ni ruwa kawai nake gani yana ƙyalli. Mutanen gari suna cewa tsohon yana da asirin kifi, ni kuwa na fi kowa yarda, tunda ga ni kusa da shi, babu komai a kan ruwan, amma sai ya fizgo tarwaɗa.

A wannan shekarar ina aji uku a firamare, kuma sunana ya riga ya zaga gari a matsayin daƙiƙi. Na fi 'yan ajinmu tsawo, saboda haka malami ya ajiye ni a layin baya. Zai cika allon bango da rubutu ya ce a kwafa. Ni farin hazo nake gani a kan baƙi. Sai in leƙa littafin na kusa da ni, shi kuma ya rufe da hannu ya kai ƙara. Idan aka ce in tashi in karanta abin da ke allo, in tsaya ƙiƙam har a gaji a zane ni. Ban taɓa cewa ba na gani ba, don ban san akwai abin da ake gani ɗin ba. Na zaci sauran yara wani wayo suke da shi da ni aka hana ni. Zango biyu a jere ina zuwa na biyun ƙarshe, wanda ke bayana kuwa rabin zangon yana kiwo.

Mahaifina mutum ne mai shiru, mai aiki kamar ba gobe. Ba ya hawa keke, ba ya hawa babur sai dai a goya shi, wai tun wata faɗuwa da ya yi yana saurayi. Mutane suna ganin yana da girman kai, don za ka ɗago masa hannu daga nesa ya wuce abinsa, sai ka yi magana sannan ya juyo da fara'a. Shi ma an sa shi a boko yana yaro, a aji huɗu kakana ya cire shi ya ba shi fartanya, ya ce ba dole. Ƙaninsa ne ya yi karatu, shi ne yake aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma a Gaya, yana zuwa mana ran Juma'a da farar shadda. Mahaifina ne ke noma abin da gidan ke ci, har da buhun da ake kai wa ƙanin nasa.

Ranar da na kawo takardar sakamako ta biyu, bai dake ni ba. Da dukan ya yi da ya fi min sauƙi. Ya ba wani ɗan maƙwabta ya karanta masa, ya ninke ta, ya ce, "Zango ɗaya ya rage maka. In ka sake kawo irin wannan, ka gama boko, sai ka biyo ni gona. Ni ka gado, kanmu ba na wannan abin ba ne. Gara ka san haka da wuri."

Na shiga bayan rumbu na yi kuka. Ka ga abin mamaki, makarantar da ake zane ni kullum, ita nake wa kuka. Ina son ta. Ina son lokacin da malami ke ba da labari da baki, ko lissafin da ake yi da ka, a nan ba mai riga ni. Kuma na ga yadda mahaifina ke sunkuyar da kai idan ƙaninsa na karanta wasiƙa a zaure. Ban so in zama haka ba, kuma na ji kunyar kaina da na ƙi son zama kamar ubana.

Kakana yana zaure ya ji komai, bai ce uffan ba. Mahaifina ɗan farinsa ne, kuma a gidanmu ana alkunyar ɗan fari sosai. Tun da nake ban taɓa jin ya kama sunansa ba, ban taɓa ganin sun ci abinci a kwano ɗaya ba. In magana ta kama, sai ya dubi wani gefe ya ce "kai", ko ya aika kakata. Ni kuwa jika, abokin wasa, da ni yake fanshe duk hirar da bai yi da ɗansa ba. Washegari Asabar ya leƙo ɗakinmu ya ce, "Abokina, taso. Tunda boko ta ƙi ka, zo mu gani ko kifi zai so ka."

Ƙarshen damina ne, dawa ta fara sunkuyo da kai, ciyawar bakin tafki ta kai ƙugu, ko'ina warin laka da ɗanyen ganye. Ya ba ni sandata ta kaina karon farko, ya maƙala min ɗaya daga cikin 'yan karansa masu baƙin kai, ya jefa min can inda ruwa ya yi zurfi. Na riƙe sanda na zuba wa ruwa ido kamar yadda na ga yana yi. Can na ji ya ce, "Ja." Na ja, ƙugiya ta fito fayau, an cinye tana. Ya sake sa min. "Ja mana." Na ja, babu komai. Ranar sai da kifin tafkin nan ya ci rabin gwangwaninmu a hannuna. Kakana ya yi ta tsiya, wai ni ba fatsa na zo ba, sadaka na kawo, kifaye za su yi min addu'a.

Sai na koma dabarar da nake yi a aji, wato in karanci mutum maimakon allo. Na lura kafin ya ce a ja, yakan ɗan riƙe numfashi. Sai na daina kallon ruwa da gaske, na kasa kunne gare shi. Da ya ɗauke numfashi sai in fizga. Na ci sa'a sau ɗaya ko biyu. Amma wata rana nasa karan ne ya motsa, ya riƙe numfashi, ni kuma na fizge nawa zaren da babu abin da ya taɓa shi. Ya juyo ya dube ni, ya daɗe yana dubana, bai yi tsiyar da na zata ba.

Asabar ta uku aka yi iska. Ta riƙa turo zarena har ɗan karan ya zo gab da gaɓa, kusan ƙarƙashin ƙafata. A nan na gan shi, baƙin kansa tsaye cif a kan ruwa. Ya yi rawa, zobba suka fita. Na tuna karatu, ƙarfasa ce, ba a ja tukuna. Ya sake rawa. Ya tsaya. Ya nutse. Na ɗaga sanda, sai ga ta tana fafaka, faɗin tafin hannun babba. Na yi ta tsalle ina cewa ashe da gaske ne, ashe yana rawa. Kakana ya cire ƙugiyar a hankali ya ce, "Da can ƙarya ka ɗauka nake yi?" Na ce a'a, na ɗauka asiri ne.

Bai yi dariya ba. Ya sa tana, ya ajiye min karan a daidai wurin nan kusa. Na kama wata. Ya matsar da shi tsawon sanda ɗaya gaba, ya ce in gaya masa duk sanda ya motsa. Na ɗan iya, ina ƙanƙance ido. Ya ƙara tsawon sanda. Ban ga komai ba. Ya nuna hayin tafkin ya ce, "Mene ne wancan fari a gindin giginya?" Na ce wanki aka shanya. Balbelu ne guda shida, ashe, suna kiwo.

Kakana ba mai gaggawar yanke hukunci ba ne, kuma abin da ya sani shi ne kara, don haka ta kara ya bi. Satin nan kaf, kullum na taso makaranta sai in tarar ya yi sabo. Ya yi mai kaurin babban yatsa. Ya yi mai tsawon taƙi. Ya yi wanda ya soka wa farin gashin zakara a ka, yana tsaye kamar tuta. Kowanne zai jefa shi nesa-nesa, ya ja shi a hankali zuwa gaɓa, ya ce in yi magana da zarar na gan shi, sai ya sa alama a ƙasa da tsinke. Waɗannan manyan karan ba sa kama komai, kifi na taɓawa yake saki, kuma ya fi kowa sani. Sati guda gidanmu ba a ci kifi ba. Tsofaffin da ke zama a bakin tafki suka samu abin yi, suna tambayarsa ko jirgin ruwa yake ƙerawa, wani ya ce tsufa ya fara taɓa malam. Mutumin da duk garin ke zuwa roƙon ɗan kara a wajensa, ya zauna ana yi masa dariya, ya ci gaba da gwajinsa.

A hanyar gida ran Alhamis ya tambaye ni inda na kai a makarantar allo. Na gaya masa. Na wuce duk sa'o'ina, malam har yakan sa ni in biya wa ƙanana. Ya ce, "Allon nan a ina kake riƙe shi?" Na nuna masa, dab da hanci. "Na bokon fa?" Na ce yana jikin bango, ni kuma ina baya. Ya gyaɗa kai.

Ran Juma'a da safe kakana ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya a ƙofar zaure lokacin da mahaifina ke saɓa fartanya, ya dubi bango ya ce, "Kai, ajiye wannan. Ka biyo mu tafki." Mahaifina ya ajiye ba tare da tambaya ba. Muka jera, kakana a gaba, ni a tsakiya, shi a baya. A bakin ruwa mahaifina ya cire takalmi ya tsuguna ɗan nesa da tabarmar, yadda ya saba.

Kakana ya maƙala ƙaramin karansa na kullum, ya jefa tsawon sanda biyu. Ya tambaye ni ko ina gani, na ce a'a. Ya sa mai kauri, na ce a'a. Ya sa mai gashin zakara, na ce ina ganin wani fari-fari. Ya jawo shi kusa, na ce ga shi nan, har gashin ya karkace hagu. Sannan ya yi magana, yana kallon ruwa, amma kowa ya san da wa yake.

"Yaron nan ba daƙiƙi ba ne. Ido ne. Abin da ke kusa ba ya kuskure masa, abin da ke nesa babu shi a duniyarsa. An kai shi bayan aji an ce ya karanta bango. To ka duba da kanka." Ya mayar da ƙaramin karan ya jefa inda ya fara jefawa. "Ga shi can, ko jariri ya gan shi. Kai kana ganinsa, shi ba ya gani. Ga shi ma ana taɓawa. Ka gani ko?"

Na juya na dubi mahaifina. Yana kusa da ni, don haka na ga fuskarsa sarai: ya ƙanƙance ido, ya ɗan miƙa wuya gaba, daidai yadda nake yi, kuma ba wajen da zaren yake ma yake kallo ba.

"Ka gani ko?" kakana ya sake cewa.

"Baba," in ji mahaifina a hankali, "ni ma ban taɓa ganinsa ba."

Kifin ya tafi da karan, na ji zare yana jan kan sanda, kakana bai ɗaga ba. A karon farko a rayuwata na ga ya juyo ya kalli ɗansa ido cikin ido. Ya ce, "Lokacin da nake zuwa da kai nan kana yaro, ina cewa ka ja ba ka ja?" Mahaifina ya ce e. "Na ce ba ka da natsuwa, na daina zuwa da kai." Ya ce e. "Allon makarantar fa?" Mahaifina ya sunkuyar da kai yana tsinkar ciyawa, ya ce, "Shi ma haka."

Ban san tsawon lokacin da muka yi a zaune ba. Na dai san kakana ya naɗe zarensa. Tausayinsa ya kama ni fiye da na kaina, har fiye da na mahaifina a lokacin. Ya zo ne ya ceci jikansa, yana jin daɗin ya gano abin da malamai suka kasa ganowa, sai ya tarar da abin da shi ya yi da hannunsa shekara talatin baya.

A hanyar komawa mahaifina ne a gaba. Mun kusa shiga gari kakana ya dafa kafaɗata, ya ɗaga murya yadda za ta kai, ya ce, "Abokina, ka ce wa babanka ya yafe min." Mahaifina bai juyo ba. Ya ce, "Ka ce masa babu komai." Ban isar da saƙon kowa ba, tunda duk sun ji.

Sati biyu bayan haka ƙanin mahaifina ya kai mu wani asibitin ido a Kano. Kakana ne ya ce ba ni kaɗai za a duba ba. Muka hau bas daga Ajingi, muka wuni a layi, aka gwada mu, bayan kwanaki aka ba mu tabarau, nawa da nasa, nasa ya fi kauri. Abin da na fara lura da shi shi ne bishiya tana da ganye ɗai-ɗai tun daga nesa. Na yi ta surutu a mota ina karanta duk allon da muka wuce. Mahaifina kuwa ya manne da taga har muka sauka. Da muka ratso gonarmu ya tsaya a kan iyaka, ya dubi dawarsa tun daga wannan gefe har wancan. Shekara ashirin yana noma ta, ranar ya fara ganinta gaba ɗaya a lokaci guda.

An dawo da ni layin gaba. A ƙarshen zangon na zo na bakwai, ba a sake maganar cire ni ba. Mutanen gari kuma suka gano mahaifina ba shi da girman kai, har ya zama shi ke fara ɗaga hannu tun mutum na can nesa, ya gaishe da wanda ya sani da wanda bai sani ba. Kakana ya rayu shekara huɗu bayan haka. Ya koma ƙananan karansa, ni ma na koyi karanta su daga nesa, amma bai ƙara yi wa kowane yaro tsiya a bakin ruwa ba. In ya ga yaro na yawan kuskuren ja, sai ya kira shi ya tambaye shi balbelu nawa ne a hayi.

Yau tafkin ya ja baya, gidajen bulo sun ci rabinsa, ragowar kuma kafin tsakiyar rani ya ƙafe. Yaran da ke fatsa a wurin 'yan tsegumin roba suke saya a kasuwa, ja da ruwan ɗorawa, ana hango su daga ko'ina, sai dai rabinsu a saman ruwa yake, kifi na ta cinye musu tana. Ni kuma koyarwa nake a wata firamare a nan Ajingi. Ajina ya fi wanda na zauna cika nesa ba kusa ba, kuma har yanzu dogaye ake turawa baya. Duk farkon shekara nakan yi ƙaramin rubutu a allo in bi layi-layi ina tambaya, kuma da wuya shekara ta wuce ban samu ɗaya ko biyu masu irin idona ba, an riga an yi musu suna a gida.

Mahaifina yana nan da ransa, ya tsufa, ya miƙa mana gona shi ma. Da littattafaina na firamare ya koyi karatun boko, a ɓoye, yana da shekara arba'in da wani abu, yanzu shi ke karanta wa tsofaffin unguwa takardar asibiti. Na daɗe ina lissafa abin da zai zama da an gane da wuri, mutumin da ya koya wa kansa karatu a gindin rumbu. Abin yana ci min rai fiye da yadda yake ci masa, in ma yana ci masa. Da sallar da ta wuce muna zaune mu biyu a zaure, na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko a ransa ya taɓa riƙe kakana da abin nan.

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya ce, "Da me zai gane? Shi idonsa ƙalau ne." Sannan ya ce, "Ni da nake da irin naka idon, ni ne na ce zan cire ka."